Shekarar da Kakana Ya Zama Mutum Biyu

Na sha jin kuna faɗa wa 'ya'yanku cewa kakansu ba ya yarda da intanet, wai ko sunansa ya gani a waya sai ya nemi shaidu. Ba na jin haushi, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma tunda Allah Ya ara mini kwana har na zauna ina rubuta muku abin da na tuna, zan so in ɗan gyara ta, a iya fahimtata. Ban ƙi intanet ba. A shekarun ƙarshe na koyarwa a Roni na amfana da ita sosai, musamman wannan kundin ilimi da kowa ke iya shiga ya karanta, ya kuma gyara. Abin da ya faru shi ne, akwai shekarar da kundin ya mayar da kakana mutum biyu, kuma saura ƙiris hakan ya hana 'yar'uwarku Hauwa kammala karatunta.

A shekarar Hauwa tana ajin ƙarshe a kwaleji, inda dole kowane ɗalibi ya rubuta furojet, ya tsaya gaban malamai ya kare shi kafin a sallame shi. Ta zaɓi tarihin ƙauyenmu, Rijiyar Maje, can bayan duwatsun Roni ta hanyar Gwiwa. Na yi murnar da ban iya ɓoyewa ba, domin kakana Malam Idi ne ya sari wurin, shi ne kuma ya haƙa rijiyar da ta ba garin suna. Na riske shi da rai ina yaro. Dogo ne, tafin hannunsa kamar ɓawon kuka, kuma ba ya shan fura sai an zuba mata yaji har mai damu ta yi atishawa.

Wata Asabar da hantsi Hauwa ta dawo gida hutun ƙarshen mako. Ummanku tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni ina kan tabarma ina duba takardun jarrabawar yara. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta miƙo mini waya.

"Baba, ashe kakanka yana da ƙane, ba ka taɓa faɗa mana ba?"

Na gyara tabarau na karanta. Shafin ƙauyenmu ne, har da hoton rijiyar. Na ji daɗi da farko, domin ban zaci duniya ta san da mu ba. Amma a layi na biyu aka ce 'yan'uwa biyu ne suka kafa garin, Malam Idi da ƙanensa Malam Tsoho, babban ya sari daji, ƙaramin ya haƙa rijiya. A ƙarshen layin akwai 'yar lamba da ke kai mutum ga wata maƙala da aka buga a jarida. Hauwa ta ƙara da cewa ta duba laburaren kwalejinsu ta sami furojet biyu na waɗanda suka gabace ta, duk haka suka rubuta.

Ummanku ta ajiye ƙoƙon gyaɗa tana dariya har da hawaye.

"Malam Tsoho? To ai ga shi can asibitin Babura yana yi wa mutane allura."

Kai take nufi, Tsoho, ɗana na biyu. Saboda jikoki da za su karanta wannan bayan an manta, bari in yi bayani. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a ƙasar Kazaure, mace ba ta kama sunan surukinta, ko na mijinta, ko na ɗanta na fari. Mahaifiyata, Inna, tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan kakana ba. Malam Tsoho take ce masa, sauran matan gidan suka bi ta. Ni kaina da nake ɗanta na fari, Na Goggo take ce mini har ta koma ga Allah. Da aka haife ka muka raɗa maka sunan kakan, Idrisu, sai sunan ya gagari bakin Inna, ka zama Tsoho tun kana cikin zanen goyo.

Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina. Amma ga abin da nake so ku fahimta game da babanku. Ni ne na fara yin digiri a zuriyarmu, kuma abin da na fi riƙewa daga jami'a shi ne kada mutum ya gaskata abu don kawai a gidansu ya ji. Sai na ga jarida, na ga furojet biyu masu sa hannun malamai, na ji shakka ta fara shiga raina.

Na ce, "Wataƙila fa akwai wani ƙane da ya rasu da wuri, aka daina zancensa."

Ummanku ta ce, "Malam, kai ko ranar Juma'a aka ce maka yau Juma'a ce, sai ka ce bari a jira a ji huɗuba."

Hauwa ta koma makaranta ta faɗa wa malamin da ke duba aikinta, Malam Nasiru, cewa a gidansu mutum ɗaya aka sani. Ba zan zalunce shi ba, mutum ne mai tsantseni, kuma yana da dalilinsa. Ɗalibai sun sha kawo masa hira da tsofaffin da ba a taɓa haifa ba, suna zaune a ɗakin kwana su ƙirƙiro dattijo har da shekarunsa. Ga abin da ya ce mata, yadda ta maimaita mini:

"Hauwa, kina da madogara uku a rubuce sun ce biyu, kina da babanki ya ce ɗaya, shi ma kin ce da wataƙila ya faɗa. In kin bi rubutu, aikinki ya kusa ƙarewa, za ki kare tare da 'yan ajinku kafin damina. In kina son rushe shi, sai kin kawo mini bakin mutanen da ba danginki ba, ki sake babin gaba ɗaya. Wannan ba zai yiwu kafin rukunin farko ba, sai dai na biyu, bayan kaka. Kuma in malamai ba su gamsu ba, maimaita shekara ce."

Hauwa ce ta nuna mini abin da ban sani ba game da kundin. Ashe kowane shafi yana da bayansa, inda ake ganin wanda ya rubuta kowane layi da lokacin da ya rubuta. Muka zauna a zaure bayan la'asar muna bi a hankali. Layin 'yan'uwa biyun ya riga maƙalar jaridar fitowa. Wato mai jarida daga shafin ya ɗauka, daga baya wani mai son gyara ya ga maƙalar ya liƙa ta a matsayin shaidar layin. Furojet biyun kuwa, da ta koma ta duba ƙarshensu, ɗaya jaridar ya ambata, ɗaya shafin. Madogara uku, amma duk guga ɗaya suka sha. Na daɗe ban ji daɗin bincike irin na ranar ba. Har na tuna da kaina ina saurayi a laburaren jami'a.

Da zafina na sa ta buɗe mini rajista, na goge Malam Tsoho da hannuna, na rubuta cewa mutum ɗaya ne. Ummanku na leƙowa ta ce, "To, yau ka kashe kakanka guda, Allah Ya bar mana ɗayan." Kafin mu idar da magariba an mayar da shi da ransa. Wanda ya mayar ya bar mini saƙo cikin ladabi, ya ce ƙa'idarsu ba a cire abin da ke da madogara a rubuce sai da wata madogarar a rubuce. Da na yi masa bayani, sai ga wanda ya fara rubuta layin ya shigo maganar. Wani matashin malami ne daga Kanya Babba, yana yawo ƙauyuka a ranakun hutunsa don kada a bar garuruwanmu babu shafi. Ya ce ya je Rijiyar Maje, dattawan ƙofar masallaci suka ce masa Malam Idi ne ya sari gari, ya shiga wani gida wata tsohuwa ta ce masa Malam Tsoho ne ya haƙa rijiya da hannunsa. Bai so ya ƙaryata kowa ba, sai ya haɗa su 'yan'uwa. Ya ba da haƙuri sosai. Ban ga laifinsa ba can can. A gidansu, in ji shi, an daɗe da barin wannan alkunya, kuma da ni ne a matsayinsa ban tabbata ba zan yi haka ba.

Duk da haka shakkata ba ta gama fita ba. Ranar Lahadi na goya Hauwa a mashin muka tafi ƙauye. Mun sami Inna a inuwar rumbu tana tsince wake. Kun san tsakanin jika da kaka babu shamaki, don haka na koma gefe na bar su. Hauwa ta kunna rikodar wayarta ta ajiye a kan tabarma.

"Tsohuwa, yau jarrabawa na zo yi miki."

"Ke da ko tuwo ba ki iya kwashewa ba? Yi mu gani."

"Wa ya haƙa rijiyar garin nan?"

"Malam Tsoho."

"Wa ya sari dajin?"

"Malam Tsoho mana. Da wa zai sara, ubanki?"

"To shi Malam Idi fa?"

Inna ta ja gefen mayafi ta rufe baki, ta kawar da kai.

"Marar kunya. Ke kika faɗa, ni ban faɗa ba."

"Ƙanensa ne, ko wansa?"

"Wane irin ƙane? Wanda kika ambata ɗin nan ai shi ne shi. Shi kaɗai ne namiji a ɗakinsu, duk mata ne suka gabace shi. Shi ya sa 'yan garinsu na asali in sun zo ziyara Tanko suke ce masa."

Hauwa ta dafe kai. "Inna, rufa mana asiri. Biyu ma sun hana ni barci, kada ya zama uku."

Da muka ba ta labarin baƙon da ya zo da waya, ta tuna shi sarai. Ta ce yaro ne mai hankali, ya sha kunun tsamiya ya yi godiya. Ta ce ya tambaye ta, ta faɗa masa gaskiya, in bai gane ba ai ba ita ta haife shi ba.

Kafin mu hau mashin muka tsaya a bakin rijiyar. Yanzu akwai famfo a garin, amma mata suna zuwa nan don ruwan sha, wai ya fi daɗi. Igiya ta ci bakin itacen da aka gicciya har ya yi kwarmi kwarmi. Hauwa ta leƙa cikin rijiyar, sannan ta ce:

"Baba, ni dai ka faɗa mini abin da zan yi. In ka ce in rubuta biyu in sa ɗan bayani a ƙasa cewa wasu na ganin ɗaya ne, zan yi, in gama da ƙawayena. Amma kada ka ce mini wataƙila."

Ba zan ɓoye muku ba, wannan ɗan bayanin na ƙasa ya ja hankalina. Irin hanyata ce, ba ta ɓata wa kowa. Na kuma san abin da jira zai ja mata, da abin da zai biyo baya in malamai suka ƙi. Amma na tuna cewa in ta rubuta biyu, aikinta zai zama madogara ta huɗu, kuma wannan karon daga cikin gida, da sunan tattaɓa kunnen mai rijiyar a bangonsa. Bayan nan babu mai iya warware ƙullin.

Na ce, "Mutum ɗaya ne. Ki rubuta haka."

Ta kalle ni kamar tana jiran sauran maganar. Da ta ga babu saura, ta ce to.

Daminar nan ba ta yi mana sauƙi ba. 'Yan ajinta suka kare nasu, suka ɗinka anko, suka yi ta turo mata hotuna. Na ga ranar da ta kife wayar ta shiga ɗaki, ba ta ci tuwon dare ba, kuma ta yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ni kuma kullum sai na tambayi kaina ko na ɗora wa yarinya kayan da nawa ne. Amma akwai daɗinta, kuma shi na fi tunawa. Duk ranar da ba ni da aji muna kan mashin, gero ya rufe hanya hagu da dama, taɓo har gwiwa. Muka je wurin wani tsohon maƙeri a gefen Gwiwa wanda ubansa ne ya ƙera wa kakana diga. Muka sami wata tsohuwar Bafulatana da rugarsu ta daɗe tana shayarwa a rijiyar. Babu wanda ya taɓa jin ƙane. A kowane gida kuma Hauwa sai ta ƙara tambayar wace mace ce ba ta faɗar wane suna, da abin da take faɗa a madadinsa. Nan fa hira ke ɓarkewa, matan gida su fito daga ɗakuna ana tona wa juna asiri ana shewa. Mun sha fura a daminar nan har wandona na ɗaurin aure ya yi mini kaɗan.

Ranar karewa na raka ta, na zauna a gindin dalbejiya a harabar kwalejin da carbi a hannu. Ba na jin na ja shi daidai. Abin da ya faru a ciki daga bakinta na ji. Ta ce da ta zo kan maganar, wani malami ya ɗaga mata maƙalar jaridar ya ce ita wace ce da za ta ƙaryata abin da aka buga. Sai ta nuna musu bayan shafin, da yadda layin ya riga jaridar, da yadda furojet biyun suka ɗebo daga can. Malam Nasiru da kansa ya ce ta kunna muryar Inna. Da aka zo wurin "ke kika faɗa, ni ban faɗa ba", ɗakin ya kwashe da dariya. Shugaban zaman, wani dattijo mai furfura, ya cire tabarau yana goge ido ya ce:

"Ni ma nan da kuke gani, a wurin tsohuwata ba ni da suna. In wani ya je ya tambaye ta 'ya'yanta, ba zan fito a lissafi ba."

Wata malama a cikinsu ta ce ta yi shekaru tana karanta irin waɗannan ayyuka, ba ta taɓa tunanin cewa sunayen da ɗalibai ke samowa daga bakin mata da na bakin maza za su iya zama na mutum guda ba, alhali ita kanta ba ta faɗar sunan maigidanta. Suka yi wa Hauwa wasu gyare-gyare, domin ta yi kuskuren shafuka a wuri biyu ko uku, sannan suka sallame ta da sakamako mai kyau. Na hango ta ta fito tana tafiya a hankali, fuska a ɗaure, har gabana ya faɗi. Sai da ta zo dab da ni ta saki dariya. Wannan muguntar a wurin Ummanku ta gado ta.

Malam Nasiru ya fito ya gaishe ni da girmamawa. Ya ce zai riƙa ba sababbin ɗalibai babin su karanta kafin su fara nasu, ba don su guji kundin ba, sai don su koyi leƙa bayansa su ga daga ina magana ta taso. Daga baya ya taimaka mata aka buga babin a mujallar sashensu, matashin nan na Kanya Babba ya ɗauka ya gyara shafin da hannunsa, ya kuma ƙara layi a kan al'adar sakaya suna. Har yau mukan gaisa da shi. In za ku faɗa wa 'ya'yanku wani abu game da ni da intanet, to wannan za ku faɗa: ina karantawa, ina kuma duba wanda ya faɗa da wanda ya faɗa masa. Ina ganin, a nawa ɗan sanin, ba laifi ba ne.

Amma a ranar ba gida muka nufa ba. Hauwa ta ce sai ta fara kai wa abokiyar jarrabawarta sakamako. Muka isa ƙauye da yamma, an gama yankan gero, dammuna jingine a kowane danga. Inna tana bakin murhu tana gyara wuta. Hauwa ta durƙusa ta rungume ta ta baya.

"Tsohuwa, mun ci. Manyan malamai sun saurari muryarki, sun yarda mutum ɗaya ne."

Inna ta ture ta da gwiwar hannu, ta ci gaba da tura kara a wuta.

"Allah Ya yi musu albarka, sun taimake ni. Suruki biyu irin wannan? Ɗayan ma, yajin furarsa kaɗai sai da ya ƙarar mini da taɓarya."